Ɗalibin Sakandare Tsakanin Littafi, Damuwa da Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da ɗaliban sakandare ya san matsalolinsu ba sa zuwa a rarrabe. Yaro zai zo da kukan lissafi, kana ɗan tonawa sai ka tarar barci ne ba ya samu. Ka ƙara tonawa sai ka iske kwana uku ke nan mahaifinsa bai yi masa magana ba saboda sakamakon zangon da ya wuce. Shi ya sa aka tara waɗannan tambayoyi wuri guda. Wasu daga bakin ɗalibai suke, wasu na iyaye ne, ta ƙarshe kuma ta malami ce.

Ina karatu sosai, amma da na shiga ɗakin jarrabawa sai komai ya gudu. Ko dai ni daƙiƙi ne?

Kafin ka yanke wa kanka wannan hukunci, duba yadda kake karatun. Yawancin ɗalibai abu ɗaya suke yi: su buɗe littafi, su karanta shafi, su koma su sake karantawa, har kalmomin su zama kamar fuskar maƙwabci. To amma gane fuska daban, tuna suna daban. Idonka ya saba da shafin, sai zuciyarka ta raya maka cewa ka iya. Ranar jarrabawa kuwa babu shafin a gabanka. Daga cikin kanka ake so ka zaƙulo amsa, kai kuma ba ka taɓa gwada zaƙulowar ba.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan da ɗaliban jami'a. Aka ba su gajerun rubuce-rubuce su karanta. Wani rubutun aka bar su suka maimaita karanta shi, wani kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, maimaitawa ce ta fi amfani. Amma bayan mako ɗaya sai reshe ya juye da mujiya: sun tuna kashi 56 cikin 100 na abin da suka zaƙulo da kansu, alhali kashi 42 kawai suka riƙe na abin da suka maimaita. Abin da ke ba ni tausayi a nan shi ne, hanyar da ta fi sa ɗalibi jin ya iya ita ce ta fi saurin yashe shi.

To a aikace yaya zan yi?

Ki karanta darasin sau ɗaya cikin natsuwa, ki rufe littafin, ki ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da kika tuna. Sannan ki buɗe ki ga inda kika bar giɓi. Giɓin nan shi ne karatunki na gobe. Ki nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa ki amsa su da agogo a gabanki, ba tare da leƙa amsa ba. Ki kama ƙanwarki ko ƙawarki ki yi mata bayanin darasin da bakinki. Duk inda kika fara kame-kame, nan ne ba ki gane ba.

Lissafi kuwa ba a koyonsa da ido. Kallon misalin da malami ya warware a allo kamar kallon mai iyo ne daga bakin ruwa. Ki rufe misalin ki warware da kanki, kuma ki riƙa cakuɗa tambayoyi iri-iri, domin a jarrabawa ba wanda zai gaya miki wace dabara ce ta dace da wace tambaya.

Za ki ji wuya, har ki ga kamar ba kya ci gaba. Wannan wuyar ita ce ke kafa karatun. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu 10 da ɗalibai ke amfani da su, biyu kacal suka samu yabo mai ƙarfi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu cikin kwanaki. Ja wa jimloli layi da maimaita karatu suna cikin waɗanda suka zo ƙasa.

Ni sai jarrabawa ta matso nake iya karatu. Na kan kwana ina yi, kuma ina ci. Ina laifi?

Kana iya tsallake jarrabawar gobe da haka, ban musa ba. Amma tambayi kanka abin da ya rage a kanka bayan wata guda. Karatun sakandare gini ne, na bana a kan na bara yake zama, kuma jarrabawar kammalawa tana tambayar abin da aka koyar cikin shekaru.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a kan mantuwa tun 1885. Da kansa ya yi gwajin: yana haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage bayan awanni da kwanaki. Ya gano cewa mafi yawan zubewar a farko-farko take faruwa, cikin awannin farko da ranar farko, daga baya sai ta lafa. Ya kuma lura cewa bitar da aka rarraba ta fi wadda aka dunƙule. Saboda haka awa 3 da za ka yi a dare ɗaya, in ka raba su minti 30 a kwana 6, lokacin bai ƙaru ba amma ribar ta ƙaru. Duba darasi a ranar da aka koyar da shi, ka waiwaye shi bayan kwana biyu ko uku, sai kuma bayan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Awa nawa ya kamata in yi kullum?

Ba ni da adadin da zai dace da kowa. Abin da na sani shi ne jadawalin da ya ce "karatu daga ƙarfe 4 zuwa 10" ba ya kai kwana uku. Rubuta aiki takamaimai: tambayoyi 10 na lissafi, shafi 2 na ilimin halittu. In zama yana yi maka wuya, gwada tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Kuma ka fara da darasin da kake gudu, tun kanka bai gaji ba.

Waya tana hana ni karatu, amma a cikinta nake duba wasu darussan.

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ayyuka biyu masu buƙatar tunani a lokaci guda; tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci kafin hankali ya koma inda ya tsaya. Duba abin da kake buƙata tun farko, ka kwafe shi a takarda, sannan ka kai wayar wani ɗaki. Kife ta a kan tebur ba ya wadatarwa, hannu ya san hanya.

Ɗana ba ya barci da wuri, da safe kuma sai an yi da gaske kafin ya tashi. Ba lalaci ba ne wannan?

Sau da yawa ba lalaci ba ne. Idan yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yana ja baya. Sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi, yakan makara wajen fitowa, har jinkirin ya kai kusan awa biyu. Yaron da a da ƙarfe 9 ke yi masa yana gyangyaɗi, yanzu sai 11 ta wuce idonsa biyu. Buƙatar barcin kuwa ba ta ragu ba: ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare.

Wannan ya shafi karatu kai tsaye, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Ya kuma shafi hali. Yaron da barci bai ishe shi ba yana da saurin fushi da saurin kuka, mu kuma sai mu ɗauka rashin kunya ce. Abin da ke taimakawa: lokacin tashi ya zama ɗaya ko da ranar hutu ce, ya samu hasken safiya, waya ta kwana a wajen ɗakinsa, ya guji abin sha mai hana barci da yamma. Ƙwayoyin hana barci da wasu ɗalibai ke ba junansu lokacin jarrabawa kuwa, a yi masa kashedi a kansu ƙarara.

Da an raba takardar jarrabawa sai gabana ya faɗi, hannuna ya kama rawa, kaina ya yi fayau. Me zan yi?

Jikinki ne ya ɗauka akwai haɗari, ya saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi. Kaɗan daga wannan yana da amfani, yana wartsakar da mutum. Idan ya yi yawa ne tunanin "in na faɗi fa?" yake cinye wurin da ya kamata tambayar ta zauna, shi ya sa kike jin kan ya zama fanko alhali karatun yana nan.

Ki ajiye biro. Ki ja numfashi a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja, kamar sau biyar. Ki duba takardar gaba ɗaya ki fara da tambayar da kika fi sani. Amsa ɗaya takan jawo 'yar uwarta. Akwai kuma wata dabara da Gerardo Ramirez da Sian Beilock suka gwada a 2011: ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta fargabarsu a takarda kafin jarrabawa sun fi samun maki, musamman waɗanda dama suka fi tsoro. Ba ta cin kuɗi, ki gwada. Amma babban maganin shi ne sabo. Wadda ta saba amsa tambayoyi da agogo a gida, ɗakin jarrabawa ba zai zame mata baƙon wuri ba.

Yaya zan gane damuwar 'yata ta wuce ta yau da kullum?

Wannan ita ce tambayar da na fi so iyaye su tsaya a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yawancinsu ba a ganewa, balle a yi magani. A aji mai ɗalibai 35, lissafin ya kai kusan mutum biyar.

Damuwar jarrabawa tana zuwa da jarrabawa, ta tafi da ita. Abin lura shi ne canjin da ya zauna: mako biyu ko fiye tana cikin ƙunci ko saurin hasala, ta daina abin da take so, ta janye daga ƙawaye, barcinta ko cin abincinta ya sauya, kullum ciwon kai ko ciwon ciki ba tare da an ga dalili ba, tana ƙin zuwa makaranta, tana yawan cewa ita ba ta da amfani. A wajen matasa ciwon damuwa yakan fito da rigar fushi, shi ya sa ake yawan hukunta yaron da lallashi yake buƙata.

Idan kika ga rauni a jikinta da ita ta yi wa kanta, ko kika ji tana cewa gara ta mutu ta huta, kada ki ce neman a kula ta take yi, kada kuma ki rufe ta da faɗa. Ki zaunar da ita ki tambaye ta a fili: "'Yata, kina tunanin kashe kanki ne?" Tambayar tana da nauyi a baki, na sani, amma ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, sau da yawa sauƙi take kawowa ga wadda ta daɗe tana ɗauke da abin ita kaɗai. In ta ce e, kada a bar ta ita ɗaya, a kawar da magunguna da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, a kai ta asibiti a ranar. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyin juna ba ne.

Kai kuma ɗalibi, in abokinka ya faɗa maka irin wannan ya ce ka rufa masa asiri, wannan sirrin ba na riƙewa ba ne. Gaya wa babban da ka yarda da shi, ko da abokin zai yi fushi da kai.

Sakamakon ɗana ya faɗi warwas a wannan zangon. Me zan ce masa?

A ranar, kusan komai ka faɗa cikin fushi zai fito, don haka ka bari ta kwana. Ya riga ya ga makin kafin kai, kuma ya riga ya ji kunya. Washegari ka kira shi inda ba ƙannensa: "Zo mu zauna. Na ga sakamakon, na san kai ma bai yi maka daɗi ba. Gaya min, me ya faru?" Sai ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi tsawo.

Faɗuwar maki alama ce, kamar zazzaɓi, kuma abubuwa da yawa ne ke kawo ta. Wani yaron allo ne ba ya gani sosai, tabarau kawai yake buƙata. Wani tun ajin baya ya rasa wani tushe a lissafi, komai aka ɗora sai ya rushe. Wani ana cin zalinsa ne a makaranta. Wani yana da matsalar gane rubutu da ake kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Duka da zagi ba sa gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke koya wa yaro shi ne ɓoye takardar sakamako da satar amsa. Ku tsayar da abu ɗaya ko biyu da za a canza, ka je ka ga malaminsa, ku sa ranar da za ku sake zama.

Ina kwatanta shi da yayarsa ne don ya yi zuciya. Ba daidai ba ne?

Niyyar mai kyau ce, amma abin da yaro ke ji shi ne an fi son wancan. Ƙarshenta ya tsani karatun, ya haɗa da yayar. Kwatanta shi da kansa na zangon baya.

Yabo ma yana da nasa tarko. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa yaran da aka yaba musu da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya da suka gamu da faɗuwa, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Mai sunan haziƙi yana tsoron abin da zai ƙwace masa sunan. Yabi abin da ya aikata: "Na ga yadda ka zauna da tambayar nan har ka warware ta."

Da can 'yata komai tana gaya min, yanzu sai "ba komai" da "lafiya lau". Ko in riƙa bincika wayarta?

Ja da baya kaɗan a wannan shekarun ba abin tsoro ba ne, girma ne ke zuwa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, don haka za ki ga hankalin manya da safe, wautar yara da yamma, duk a mutum ɗaya.

A shekarar 2000 wasu masana a Suwidin, Håkan Stattin da Margaret Kerr, sun yi nazari a kan yara masu shekara 14, suka gano cewa mafi yawan abin da iyaye suka sani game da 'ya'yansu daga bakin yaran yake fitowa, ba daga bin diddigi ba. Ke nan jarinki shi ne ta ga bakinta zai iya buɗuwa a gabanki. Yadda kika karɓi ƙaramin laifin da ta faɗa miki yau, shi zai nuna mata ko za ta kawo miki babba gobe. Hira ta fi zuwa idan kuna wani aiki tare ko kuna tafiya, ba a zaman tuhuma ba. Doka ta zauna, amma a faɗi dalilinta. Tun shekarun 1960 binciken Diana Baumrind ya nuna cewa yaran da suka tashi a gidan da ya haɗa iyaka da tausayi sun fi na gidan tsanani zalla ko sakaci zalla daidaituwa. Batun waya kuwa, ku yi yarjejeniya a fili. Bincike a ɓoye a bar shi sai an ga alamar haɗari na gaske.

Mahaifina ya dage sai na zama likita, ni kuwa ba nan zuciyata take ba. Yaya zan yi ban saɓa masa ba?

Fara da gane abin da ke ƙarƙashin dagewar. Galibi tsoro ne: kada ka tashi ba abin dogaro. Idan ka je masa da "ni ba na so" kawai, ka bar tsoron nan ba amsa. Yi bincike tukuna: me ake karanta a fannin da kake so, wane aiki ake samu, makinka a waɗanne darussa ya fi ƙarfi. Zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ka ce: "Baba, ina neman alfarma ku saurare ni. Na san alheri kuke nema mini, ga abin da na gani game da kaina." Kada ka sa ran zama ɗaya zai gama magana. In harshenka yana yi maka nauyi a gabansa, nemi kawu ko gwaggo ko malamin da yake ganin girmansa ya shiga tsakani. Kuma ka saurara da gaske, mai yiwuwa ya hango abin da ba ka hango ba.

Gidanmu kullum rigima, ga aiki ya yi min yawa. Ba na samun natsuwar karatu.

Saɓanin iyayenki ba laifinki ba ne, kuma sasanta su ba nauyinki ba ne, ko da kowannensu yana kawo miki ƙarar ɗaya. Kina iya cewa cikin ladabi, "Umma, ina ƙaunarku duka, ba na so in shiga tsakani." Ki nemi wurin karatu a wajen hayaniyar: ɗakin karatu na makaranta, aji bayan an tashi, ko sassafe kafin gida ya motsa. Game da aiki, roƙo takamaimai ya fi ƙorafi karɓuwa: ki nuna jadawalin jarrabawarki, ki nemi a ɗauke miki awa ɗaya da yamma har a gama. Amma idan abin ya kai ga duka mai raunatawa, ko wani yana taɓa jikinki ta hanyar da ba ta dace ba, ko waye shi, ki gaya wa malama ko wani babba da kika amince da shi. In na farko bai saurare ki ba, ki gaya wa na biyu.

Ni malami ne, ɗalibaina suna da yawa. Me zan iya yi da ɗan lokacin da nake da shi?

Ware minti 5 na farkon darasi don tambayoyi uku daga abin da aka yi makon jiya, ba maki, ba hukunci, kowa ya rubuta a takardarsa. Ka koya musu zaƙulowa da bita ke nan a lokaci guda, kai kuma ka ga inda aka bar su a baya. Ka daina karanto makin kowa a gaban aji. Sannan ka riƙa lura da wanda ya canza: mai surutun da ya yi tsit, mai zuwa da wuri da ya fara makara, wadda ta daina kawo jinga. Tsayar da shi bayan an fita, inda sauran ba za su ji ba, ka kira sunansa ka ce, "Kwana biyu na ga ba ka da walwala. Lafiya dai?" Yana iya cewa ba komai. Ka ce masa ƙofarka a buɗe take, ka sake tambayarsa mako mai zuwa.